Naman Alhamis

Shekarun baya, a shekarar da mahaifina ya rasu, na ɗauki lokaci ina yawon bin masu gasa nama a Kaura Namoda kamar wanda aka ɗora wa aikin duba su. Waɗanda suka san ni sun ɗauka kwaɗayi ne ya yi min yawa, kuma ban ga laifinsu ba, don ko kafin nan ba a san ni da ƙin nama ba. Amma ba don cikina nake wannan yawon ba. Mahaifiyata ce ta daina cin abinci.

Asalinmu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi, can wajen Birnin Tsaba. Ni na daɗe da barin gida, ina sana'ar ɗinki a Kaura, a nan na yi aure, a nan na haifi 'ya'yana. Iyayena suka ci gaba da zama a ƙauye har sai da zaman ya gagara, 'yan bindiga suka hana noma, suka hana barci. Da ƙyar na shawo kansu na kwaso su. Mahaifina bai cika shekara a Kaura ba ciwo ya kwantar da shi, Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan naku da suka rigaye mu.

Lokacin takaba Inna ba ta cin abin kirki, muka ce ai dole, zafin rashi ne, zai wuce. Ta fita takaba, abin bai wuce ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. A kawo tuwo ta yi loma biyu ta wanke hannu. A dama fura ta kurɓa sau ɗaya ta rufe da faifai. Awarwaron da ke hannunta tun muna yara ya koma yana zamewa har gwiwar hannu idan ta ɗaga hannu za ta yi addu'a. Na kai ta asibiti, likita ya duba ya ce bai ga wani ciwo ba sai ƙarancin jini, ya rubuta magani, sannan ya ja ni gefe ya faɗa min gaskiya: idan ba ta ci abinci ba, maganin ba abin da zai yi mata, kuma jikin tsoho ba ya jure irin wannan da daɗewa.

Matata ta yi iya ƙoƙarinta, wannan shaida zan ba ta har gaban Allah. Kunun gyaɗa, farfesun kaza, dambu, faten wake, ba abin da ba ta gwada ba. Inna za ta karɓa da hannu biyu, ta sa mata albarka, da ta juya baya sai ta kira jikoki ta tura musu. Ni kuwa mutum ne mai gajen haƙuri. Na yi lallashi, na yi magiya, wata rana har faɗa na yi, na ce mata so take ta bar mu ita ma. Ta dube ni kawai ta ce, "Na ƙoshi, ɗan nan." Na fita tsakar gida na rasa inda zan sa kaina. Tsoro nake ji sosai, irin wanda ban taɓa ji ba ko a ranar da na je kwaso su.

Wata rana bayan la'asar tana zaune a tabarma, ta tambayi matata ko yau wace rana ce. Aka ce mata Alhamis. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Da yanzu babanku na bisa hanya da nama." Sai ta ƙara da cewa da za ta samu irin wancan, da ta ɗan taɓa. Matata ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba ta kira ni a waya. Tun rasuwar, wannan ne karo na farko da Inna ta ambaci wani abinci da bakinta.

Na san naman da take nufi. Mahaifina gero da dawa yake kaiwa kasuwar Shinkafi duk Alhamis, kuma tun ina yaro ban taɓa ganin ya dawo hannu biyu ba. Dab da magariba zai shigo da ƙunshi a takardar buhun siminti, a ciki akwai gasasshen naman sa, tsoka guda, ba a yanka ba. Inna ce ke yankawa da kanta, ta ba mu sala-sala, sannan su ci nasu. Ina tuna laushinsa, da yadda albasar ke narkewa a jikinsa, da ruwan da ke taruwa a faranti muna dangwala da yatsa. Da na ji abin da take so ke nan har dariya na yi don murna. Na ce wa matata ta kwantar da hankalinta, ai an zo gidan sauƙi, ni da babu mai tukubar da ban sani ba a garin nan.

A daren farko na je wurin wanda na fi yarda da shi, na ce na tsohuwa ne mara lafiya, ya gasa shi sosai. Ya gasa shi sosai kuwa. Inna ta sa yanka ɗaya a baki, ta tauna, ta tauna, ta ciro ta ajiye a gefen faranti. Ta ce ya bushe. Washegari na canza mai nama, na ce kar ya bari ya daɗe. Da aka buɗe a gida tsakiyarsa ja, da ɗan jini-jini. Wannan ko taɓawa ba ta yi ba, ta tambaye ni ko ɗanyen nama zan ba ta, ta kawar da kai. Matata ta ce mu bar mutanen waje, ta sayo tsoka mai kyau ta yi gashin tukunya. Ya yi laushi, ya yi daɗi, ni na cinye fiye da rabi. Inna ta ɗanɗana ta ce, "Allah shi yi maki albarka, ɗiyata, amma wagga dahuwa ta."

Haka na koma ɗalibi a bakin tukuba. Idan na rufe shago sai in je in tsaya ina kallo ina tambaya, har wasu suka fara zargin sana'ar nake so in ƙwace musu. A nan na gane cewa naman sa a kan wuta hawa-hawa yake tafiya. Da farko idan ka soka wuƙa ruwan da zai fito ja ne, naman kuma laɓo-laɓo, yatsa na nutsewa. In ya ƙara jimawa ruwan ya koma ja-ja mai haske, tsokar ta fara turo yatsanka. Daga nan ruwan ya zama garau, babu ja ko kaɗan, wannan shi ne ya nuna. Ka ƙara masa ɗan lokaci kuma ruwan ya ƙafe gaba ɗaya, ya yi tauri, sai dai a rufa masa asiri da yaji da mai. Tsakanin ya nuna da ya bushe tazarar kaɗan ce ƙwarai. Na koyi kuma cewa harshen wuta ƙona baya yake yi ya bar ciki ɗanye, garwashi mai kwanciyar hankali shi ke ratsa nama.

Da wannan ilimi nawa na fara tsayawa a kan masu nama ina ba da umarni. Ina ganin ruwan ya yi garau zan ce a sauke, in hau babur in tsula gudu gida. Duk da haka idan aka yanka, ya riga ya wuce, ya fara bushewa. Na kasa gane dalili. Inna ta daina ma cewa komai, sai ta ɗanɗana don kar raina ya ɓaci, ta ce an gode. Wannan an gode ɗin ya fi min ciwo a kan ta ce ya bushe. A makon nan ne ta tashi za ta yi alwala jiri ya ɗebe ta, da matata ba ta kusa da ta faɗi.

Na yanke shawara zan je Shinkafi in nemo mutumin da ke gasa wa mahaifina. Na tambayi Inna, ta ce ita ba ta san shi ba, ba ta taɓa taka kasuwar ba, abin da ta sani kawai duk lokacin da ta yaba naman sai babanmu ya ce ai mutuminsa ne ya gasa. Da ta gane abin da nake shirin yi ta ce ba ta yarda ba, hanyar nan ba ta biyuwa yanzu, ba za ta rasa miji ta rasa ɗa a kan nama ba. Matata ma ta goyi bayanta. Na ce musu to, amma a raina na riga na gama shiri. Abin da ya rage min in san sunan mutumin da inda yake zama a kasuwa.

Akwai wani dattijo a tasha, aminin mahaifina, direba ne. Shekara da shekaru shi ke ɗauko shi daga Shinkafi a tsohuwar bas ɗinsa. Yanzu ya bar wannan hanyar, sai 'yan gajerun tafiye-tafiye yake yi. Na same shi a inuwa yana gyara madubin mota, na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi jikin Inna, na faɗa masa halin da ake ciki ban ɓoye komai ba. Sannan na ce ya taimake ni da sunan mai naman babana.

Ya dube ni, sai ya fara dariya. Ya yi ta dariya har ya zauna a kan benci yana share ido da hularsa. Ni kuwa raina ya fara ɓaci, don ban ga abin dariya ba.

"Wane mai nama?" ya ce. "Babanka ba shi da mai nama. Duk wanda yag gani nan shika saye. Su ko in sun hango shi tahe, kowa addu'a shikai kar ya tsaya wurinshi."

Na ce ban gane ba, Baba.

Ya ce in zauna. Ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba, ni da nake ganin na san mahaifina ciki da waje. Wai idan ya gama cinikin hatsi, bayan la'asar, sai ya je ya zaɓi tsoka guda mai kauri, ya tsaya a kanta. Tun ruwan bai gama washewa ba, yana ja-ja, zai ce a sauke. Mai nama ya ce bai nuna ba, shi kuma ya ce ya sani, a sauke. Ba ya bari a yanka. Sai a zuba albasa, a naɗe a takarda ninki-ninki, yaji kuma a ƙulle daban. Daga nan ya nufo mota.

Waɗanda suka shiga irin tsofaffin bas ɗin nan sun san wani ɗan dakali da ke bayan kujerar direba, inda inji yake a ƙarƙashi. Kan inji ake ce masa. Ba mai son zama a wurin, sai wanda ya zo a makare aka rasa inda za a sa shi, domin kafin a yi nisa zafi ya fara ratsa wando. To nan ne wurin zaman mahaifina. Ko shi ya fara zuwa, nan zai zauna, ya ajiye ƙunshin a kan ƙarfen kusa da shi, ya tokare da cinya kar ya zame. In an kai rabin hanya ya juya shi. Lokaci-lokaci ya danna da babban yatsa ta bayan takarda. Idan taya ta yi faci aka tsaya aka daɗe, sai ya ɗauke ya ɗora a cinya don kar ya zarce. Aminin nasa ya ce ya sha ba shi gidan gaba, ya ce haba, kai da motar abokinka, amma ya ƙi.

"Tun da nike tuƙi," ya ce, "babanka kaɗai na taɓa ɗauka da ka ce mani in rage gudu, nama bai nuna ba."

Na tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa a gida ba. Ya ce ai abin da tsautsayi ya fara. Suna sabon aure, wata Alhamis mota za ta tashi nama bai gama ba, ya karɓe shi haka nan, ya zo a makare aka sa shi kan inji. Duk hanya yana jin kunyar zai kai wa amarya ɗanyen nama. Da aka buɗe a gida sai ga shi ya nuna lugub, ta ce tun da take ba ta taɓa cin irinsa ba, wane ne ya gasa? Shi kuma ya ji nauyin ya ce a kan inji ya ƙarasa nuna, sai ya ce mutuminsa ne. Daga ranar bai sake zama a wata kujera ba har tsufa.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, a tsakiyar tasha, gaban 'yan kamasho. Mahaifina mutum ne mai shiru. Ban taɓa jin ya faɗa wa Inna wata magana mai daɗi a gabanmu ba, iyakarsa a kawo ruwa, an gode, Allah Ya yi albarka. A lokacin kuma na gane kuskuren gashina: ni ina saukewa ne bayan ya nuna, zafin da ke jikinsa kuma ya ci gaba da aiki a hanya har ya wuce da shi.

Da yake ni mai wayo ne, na ce ba sai na wahalar da tsoho ba. Na sayi nama aka sauke da wuri, na zo na sa a kula na rufe, na jira. Da na buɗe, baya ya yi gumi, ciki yana nan ja. Na gwada ajiye wani kusa da dutsen guga na gawayi a shago, gefe ɗaya ya ƙone, takardar ta kusa kamawa da wuta, shaddar wani bawan Allah da ke rataye ta kwashi ƙaurin albasa, sai da na wanke ta na sake gogewa. Ko ɗaya ban kai wa Inna ba. Na koma tasha da kunyata. Dattijon bai yi min dariya ba wannan karon, ya ce in zo ranar Alhamis bayan la'asar.

Muka je wurin mai nama tare. Ya zaɓi tsokar cinya mai kauri da ɗan kitse a gefe, ya ce a ja ta nesa da harshen wuta. Muka tsaya. Can ya danna da yatsa, ya karɓi wuƙa ya ɗan soka, ruwa ja-ja ya tsatsafo, ya ce a sauke. Mai naman ya ƙi. Ya ce shekarunsa nawa a wurin nan ba a taɓa cewa ya sayar da ɗanye ba, ba za mu ɓata masa suna ba. Sai da na faɗa masa dalili, sannan ya sauke, ya yanka albasa da yawa ya naɗe da kyau. Da zai miƙo min ya ce, "Allah shi ba ta lahiya. Amma in anka tambaya, kak ka ce nan kas saye."

Muka shiga motar, daga ni sai shi, kujeru duk babu kowa, ni kuma ina kan inji da ƙunshi a gefen cinya. Tun da ba za mu bi hanyar Shinkafi ba, sai muka yi ta zagaya Kaura. Mu bi ta kasuwa, mu wuce tashar jirgin ƙasa, mu fita bakin gari mu juyo, mu sake. Mutane na tsayar da mu a hanya, shi kuma yana ɗaga musu hannu yana cewa an yi lodi. Wani da ya san ni ya leƙo ya ga mota fayau, ya gan ni a takure a bayan direba, har yau bai daina tambayata abin da na yi aka hukunta ni ba.

Jama'a, wurin nan akwai zafi. Da farko ɗumi ne mai daɗi, har na ce a raina ashe abin ba wuya. Kafin mu yi zagaye na biyu na fara karkata ina sauya ɓangare. Daga baya na koma rabi a zaune rabi a tsaye, ina riƙe da kujera, zufa na bin bayana. Dattijon yana kallona ta madubi, ya ce babana ko motsi ba ya yi, hira ma yake da mutane. Ya ce in juya naman. Na juya. Jim kaɗan ƙamshi ya fara cika motar, ƙamshin albasa da kitse da takarda mai ɗumi, kuma wallahi ƙamshin gidanmu ne na ranar Alhamis. Mun yi tafiya mai nisa a haka kafin dattijon ya ce rabonsa da jin wannan ƙamshin tun ranar da ya sauke abokinsa a mararrabar ƙauyenmu bai san ita ce ta ƙarshe ba.

Rana ta yi ƙasa, ya tsaya nesa da unguwarmu ya ce in danna. Na danna, naman ya turo yatsana a hankali. Ya ce in sauka in ƙarasa da ƙafa, kuma kar in yi sauri, domin daga mararraba zuwa ƙauyenmu da ƙafa babana ke tafiya, a wannan tafiyar ce naman ke hucewa ruwansa ya koma jikinsa. Na roƙe shi ya zo mu je tare, ya ce a'a, ba zai iya ba, in dai gaishe ta.

Na shiga gida ana kiran magariba. Bayan an idar da salla na ajiye ƙunshin a gaban Inna, ban kwance ba, na ɗora wuƙa a kan faranti. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ɗora tafin hannu a kai ta ji ɗuminsa, sannan ta kwance da kanta, ta yanka. Babu ja a ciki ko kaɗan, amma ruwa na bin wuƙar. Ta ɓarbaɗa yaji, ta sa a baki. Ni da matata muka yi kamar muna wata hira, alhali ko kalma ɗaya ban san abin da nake faɗa ba. Ta yanka na biyu. Ta yanka na uku. Ta ce a ba ta ruwa.

Sai ta ajiye wuƙar ta dube ni, fuskarta a ɗaure. "Shinkahi kat tahi? Ba na hana ka ba?"

Na rantse mata ban fita Kaura ba.

"To ina kas samu mutumin?"

A hanya na yi tunanin in ce mata mutumin ya dawo Kaura da zama, in bar wa mahaifina sirrinsa. Amma da ta tsare ni da ido na kasa. Na faɗa mata duka, tun daga saukewa da wuri har kan inji, har rage gudu. Tana saurare ta daina tauna. Da na gama sai ta sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata abin da na sha wuya na gyara.

Can ta ce, a hankali, "Shi ya sa wandunan." Ta ce duk safiyar Juma'a sai ta wanke masa wando, bayansa duk baƙin mai, wani lokaci har da toyi, yadin ya yi ja ya mutu. Shekara da shekaru tana yi masa faɗa, tana cewa babba da shi bai san inda zai zauna ba, sai ka ce ƙaramin yaro. Shi kuma abin da yake cewa kawai, tau, na ji. Tana faɗa tana dariya, dariyar da rabonmu da ji tun suna ƙauye, sai dariyar ta juye ta zama kuka. Matata ta matsa ta riƙe ta. Ta yi kukanta sosai, wanda ina jin ko ranar rasuwar ba ta yi irinsa ba. Da ta lafa ta share fuska da gefen mayafi, ta jawo farantin, ta ci gaba da ci. Ta ci fiye da rabi. Sauran ta ce a rufe mata sai da safe, kuma kar a ba yara.

Mun sake zagayen nan wasu Alhamis ɗin, ni da dattijon, har na fara sabawa da zafin. Kafin nan Inna ta fara karɓar kunu da safe, sannan tuwo, sannan ta fara ƙorafin gishiri ya yi yawa a miya, wanda a wurinmu shi ne babbar alamar lafiya ta samu. Ita da kanta ta dakatar da mu, ta ce ya isa haka, a bar bawan Allah ya yi sana'arsa. Tana nan da ranta har yau, alhamdu lillahi, tana ɗakinta tana mulkin jikoki.

Daga baya na ji cewa masu girki a manyan otal suna da wani tsinke mai auna zafin cikin nama, kuma su ma kafin ya kai inda suke so suke saukewa, su rufe shi ya ƙarasa da kansa. Na ji daɗi da na ji haka, ko ba komai babana bai yi abin banza ba. Ni ma yanzu idan layya ta zo haka nake yi, kuma na daina yanka nama yana sauka daga wuta.

Amma abin da ya fi zama a raina ba gashin ba ne. Na yi shekaru ina ganin mahaifina mutum ne da bai iya nuna ƙauna ba, har nakan ce ni ba zan zama kamarsa ba, ni zan riƙa faɗa da baki. Ina faɗa ɗin kuwa, matata shaida ce, na iya magana. Sai dai na zauna a wurin nan na ji abin da ya ji, kuma ban tabbata zan iya shekara guda ba, balle rayuwa. Abin da ke sosa min rai har yanzu shi ne ya tafi ba ta sani ba, ba ta taɓa ce masa sannu ba, faɗa ma ya sha.

Na taɓa faɗa wa Inna haka wata rana muna zaune. Na ce da ma ya gaya mata tun yana raye, ko godiya ya samu. Ta girgiza kai.

"Da na sani da na hana shi," ta ce. "Shi ma ya san haka."